Ƙasar Da Ba A Fi Mai-Ƙasa Tsawo

Da sunan Wanda Ya yi dogo Ya yi gajere, Ya yi raƙumi Ya yi bushiya, bai nemi shawarar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni Yalwa, matar marigayi Anaruwa, na zauna na rubuta wa jikokina abin da idona ya gani a ƙasar Zungurma, don na gaji da maimaitawa, kuma na ji kun fara zuba wa labarin gishirin da ba ni na sa ba.

Kun san ni doguwa ce. Wannan da kuke gani ma saura ne, tsufa ya lanƙwashe rabi. Ina ganiyata, babu ƙofar ɗaki a garinmu da ba ta san goshina ba. Mata ba sa aron ƙugiya in za su tsinki tsamiya, ni suke aikowa a kira. Kakanku kuwa iyakarsa hammatata. In zai yi min faɗa sai ya mirgino turmi ya kife ya hau, kafin ya gama hawa fushin ya huce. Shi bai taɓa kuka da tsawona ba, ni ce abin ke ci.

Ranar da tura ta kai bango, a gidan suna ne. Ina tsaye gefen rumfa, wata baƙuwa ta wanke zanen goyonta ta zo ta shanya a kafaɗata, ta yi tafiyarta. Ta ɗauka dirka ce. A ranar na rantse sai na nemo maganin rage tsawo ko a bangon duniya yake. Wani bafatake ya ce min a bayan duwatsun gabas akwai ƙasar da ake rage wa mutum tsawo kyauta. Bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa maganar ba ne. Na ƙulle ƙuli-ƙuli da daddawa a gefen zane, na yi wa Anaruwa sallama. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Bai ce Allah Ya ba da sa'a ba, amma a lokacin ban lura ba.

Tafiya ta miƙa har na isa Gulbin Gaisuwa. Babu kwalekwale, babu gada, sai wani tsoho a bakin ruwa da ya gargaɗe ni cewa kifayen gulbin nan gaisuwa suke yi, kuma ita ce makaminsu. In ka amsa wa ɗaya, wani zai tambayi gida, wani ya tambayi gajiya, wani ya tambayi mutanen garinku, kana tsaye tsakiyar ruwa kana lafiya lau har ƙafa ta gaji ruwa ya tafi da kai. In ka ƙi amsawa kuwa, su taru su cije ka don rashin tarbiyya. Na shiga, ruwa iya wuyana. Wata ƙatuwar tarwaɗa ta ɗago kai ta yi min barka da zuwa, sauran suka kewaye ni. Na amsa sau ɗaya, sannan na riga su: na ce yaya yara, kuma a faɗa min sunan kowanne don in sa masa albarka. Kifi kuwa kun san yawan 'ya'yansa. Ina jin su suna lissafi suna musu a kan wa ya haifi wa, na haye abina.

Bayan gulbin akwai daji mai shamuwa, kowace ta yi girman rumbu. Na jingina da dutse ina gyangyaɗi, wata ta hango kitsona ta ɗauka ciyawar sheƙa ce, ta sure ni ta yi sama. Duwatsun gabas suka wuce ƙarƙashina kamar murhu. Da na hango gonaki, sai na kwance daddawata na miƙa mata saitin hanci. Ta yi atishawa, na faɗo cikin gonar dawa, karan ya tare ni, ban karye ba.

Dawa ce ta gani ta faɗa, ta yi ciki tana shirin fid da kai. Amma da na fito hanya sai na ga abin mamaki. Mutanen ƙasar duk rarrafe suke yi. Dattawa da gemu, 'yan mata da kwalliya, mai tallan nono da ƙwarya ɗaure a gadon baya, kowa hannu da gwiwa, gwiwoyin sun yi kanta kamar na raƙumi. Duk sun rame, idanu sun faɗa. Da suka gan ni tsaye, wata mata ta rufe wa ɗanta ido.

Ba a jima ba wani mai tumbi ya rarrafo da sanda a hannu da dogarai biye. Shi ne Sarkin Awo, sunansa Cindo. Mutum ne mai ladabi ƙwarai, bai taɓa ɗaga min murya ba har muka rabu. Ya yi min bayanin al'adarsu tun ta kakanni: mutum, ko dabba, ko abin da hannu ya shuka, ba ya wuce kan Mai-Ƙasa, wato shugabansu. Kowace safiya Sarkin Awo zai shiga ya auna daga ƙasa zuwa kan Mai-Ƙasa, wannan awon shi ne iyakar kowa. Da can abin bai dami kowa ba, don dogo suke zaɓa, kuma yana tsaye kan wani dakali mai tsawo ake auna shi. Amma Mai-Ƙasa Nomau ya daina hawa dakalin. Ya koma kujera, aka rage sanda, jama'a suka koma tafiya a duƙe. Ya koma gado, aka ƙara ragewa, suka koma rarrafe. Bara an sare dawa tun ba ta nuna ba, ƙasa ta wayi gari sai wake da kabewa. Bana sun sake shukawa da fatan zai tashi, ga shi Ranar Ragi ta kusa, ranar da ake sare duk abin da ya yi rara.

Ya ce in durƙusa. Na durƙusa, na wuce sanda. Na yi rarrafe, ya gwada, ya yi gyaran murya ya ce, a gafarce shi, mazaunaina sun yi rara. Sannan ya tambayi abin da ya kawo ni. Da na faɗa masa, fuskarsa ta washe.

Ya ce, “Baiwar Allah, ai kin zo gidan. Ranar Ragi za a rage ki tare da dawa, ba ko sisi.”

Ya sa na kwanta, ya gwada sandar a jikina, ya ja layi da alli wajen ƙuguna. Ya ce hauni, mai gatarin fada, zai cire abin da ya wuce layin, amma tunda baƙuwa ce an ba ni zaɓi, ta sama za a cire ko ta ƙasa. Na ce zan yi shawara. Kafin ranar, don kada in riƙa karya doka, aka haƙa rami a bayan fada aka zura ni ciki, kaina kawai ke leƙe.

To a ramin nan ne na san Allah Ya yi min kyauta. Na shafa wuyana, na shafa ƙaurina, na ga babu inda nake son rabuwa da shi.

Wata rana da la'asar ina gurgurar ƙuli-ƙuli ina mita, sai na ji murya daga wata 'yar taga dab da ramin, wani namiji yana tambaya ko abin da yake ji ana tauna ƙuli-ƙuli ne. Na ce shi ne. Ya ce don Allah a sammasa, wake ya ishe shi. Na miƙa hannu, dogon hannu ya yi rana, na zura masa ta taga. Na ce in wake ya ishe shi, ya je ya gode wa ragon da ke kwance a gidan nan, wanda ƙasa guda ke jan ciki saboda ya ƙi tashi. Ya ce wane jan ciki. Ni kuwa na samu mai saurare, na zazzage masa komai: gwiwoyi, da ramar yara, da dawar bara, da layin allin da ke ƙuguna. Na ƙara da cewa da ɗana ne, da tuni na kwara masa ruwan sanyi.

Can ya ce, “Ni ne ragon.”

Magana dai zarar bunu ce. Na ce, “To ranka ya daɗe, ta riga ta fita. Ga wani ƙuli-ƙulin.”

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, sannan ya ba ni labarinsa. Bayan naɗinsa ba da jimawa ba zazzaɓi ya kwantar da shi, ya warke, amma ƙafafunsa suka ƙi tashi tare da shi. An yi jiƙo, an yi turare, an yi tofi, ko motsi. Shi da yake tsallake katanga ba ya dafawa. Ya ce ba ciwon ne ya ɓoye shi ba, abin da ya kasa ɗauka shi ne mutanen da suka saba ɗaga kai su dube shi su koma sunkuyar da kai suna kallonsa. Maganar rarrafe kuwa wallahi bai sani ba. Tun fil azal duk mai shigowa gabansa a durƙushe yake shigowa, ta ina zai gane a waje ma haka suke? Cindo na zuwa da sanda kullum safe, shi ya ɗauka awon tsohon tsawonsa ake riƙe da shi, wannan gwaji ne kawai na al'ada. Da ya yi ƙorafin wake, aka ce masa masu magani ne suka hana shi tuwo.

Tausayinsa ya kama ni. Na ce masa ni na ƙare rayuwata ina kallon mutane daga sama, kuma in gaya masa gaskiya, mai kallon ƙasa ba ya daɗewa, wuyansa ke gajiya ya koma sha'aninsa. Na ce ya soke dokar mana. Ya ce ba shi da iko, rantsuwar kakanni ce, shi ma a kanta aka naɗa shi.

Washegari ya kira Cindo ya yi masa tas. Cindo ya yi kuka da hawaye, ya ce shi aikinsa awo ne, ba a taɓa tambayarsa ba. Amma ya kawo dabara: a sa Mai-Ƙasa a kwando, a lulluɓe ƙafafun da bargo kada kowa ya gani, a ja shi da igiya zuwa kan giginyar ƙofar fada. Awo zai yi tsawo, kowa ya huta. Aka yi hakan. Aka fito da ni daga rami, na ce shi ke nan na sha.

Dabarar ba ta yi ba. Iska ta riƙa lilo da kwandon, rina suka fito suka yi wa Mai-Ƙasa maraba. Wasu mutum biyu suka zo da rigimar akuya, suka tsaya gindin giginya suna ihu har muryarsu ta dushe, shi ba ya jin ko kalma, su ma ba sa jin tasa. Kafin azahar ya girgiza igiya aka sauko da shi, leɓe a kumbure. Ya ce in dai shugabanci rataya ne, a rataye tulu ya fi, shi ko ba komai ba ya amai. Ni kuma aka mayar da ni rami.

Na ce masa to ga wata: ni na fi kowa tsawo, in goya shi da zane, kansa ya wuce nawa. Ya gode, ya ce ba zai ɗora ƙasa a bayan matar wani ba, wadda mijinta ke can yana duban hanya.

Sai ya aika aka kira masassaƙi, ya sa aka sassaƙa masa katako biyu masu mariƙi daga tsohon turmi, daidai tafin hannu. Ya sa aka fito da shi tsakar gida aka ajiye a ƙasa, ya kori kowa, sai ni da ba ni da wurin zuwa. Ya naɗe ƙafafunsa ya ɗaure da rawani, ya dafa katakon, ya ɗaga jikinsa ya jefa gaba. Ya kife. Ya tashi, ya sake kifewa. Kwana da kwanaki yana kewaya ramina, zufa na ɗiga daga gemu, tafin hannu ya yi bororo ya fashe. Ni ce mai shafa masa man kaɗe, ni ce kuma mai tsiya. In ya kwanta ya ce ya gaji, in ce ɗan wata bakwai ya fi shi sauri. Rannan ya yi zuciya ya taho da gudu, ya kasa tsayawa, ya rufto cikin ramin a kaina. Muka yi ta dariya har dogarai suka leƙo. Na tambaye shi me wannan wahala za ta tsinana wa wuyana, tunda ƙara gajarta yake yi. Ya ce in dai zuba ido. Ban yarda da shi ba, ina faɗa muku.

Ranar Ragi ta zo. Aka jawo ni kasuwa a kwance kan tabarma. Hauni na gefe yana wasa gatari, matasa da lauje sun jeru a bakin gonaki suna jiran ganga. Cindo ya matso da ladabinsa ya tambaya ko na gama shawara, ta sama ko ta ƙasa.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga hanyar fada.

Mai-Ƙasa Nomau ne, shi kaɗai, ba bargo ba labule, ƙafafu a ɗaure a gabansa sirara kamar kara, yana tafe da hannuwansa. Jama'a suka zube rub da ciki, kowa na neman ya fi shi ƙasa. Bai kula kowa ba. Ya wuce rumfar mahauta har bakin kwatar da ruwan kasuwa ke bi, ya ajiye katakonsa, ya gangara ciki da babbar rigarsa, ya kwanta, ya sa kumatunsa a laka.

Daga can ciki ya ce, “Sarkin Awo, yau ba ka auna ni ba. Zo ka yi aikinka.”

Cindo ya ja tumbi ya je, ya leƙa, ya juya sandar nan, ya sake juyawa. Ya ce, Allah Ya ba ka nasara, babu abin aunawa, kan ya yi ƙasa da ƙasa. Mai-Ƙasa ya tambaya to wa ya yi rara. Cindo ya duba hagu ya duba dama, ya ce kowa, har kaji, har kabewa.

“To al'ada ba ta da ɗan gida,” in ji Mai-Ƙasa. “A rage kowa. A fara da wanda ya fi kusa, ga tumbinsa nan ya tsare min rana.”

Zufa ta karyo wa Cindo. Hauni ya duba gatarinsa, ya duba taron, ya tambaya a hankali, in ya gama da kowa shi wa zai rage shi. Wata tsohuwa mai sayar da kuka ta fara ƙyaƙyatawa da fuskarta a ƙasa, ƙura na tashi daga hancinta. Dariya ta kama na kusa da ita, ta bi kasuwa layi layi. Dattawan ƙasa suka mirgina suka haɗa kai, suka daɗe suna ƙus-ƙus. Babbansu ya ce kakanni sun kafa dokar ne don a girmama Mai-Ƙasa, kuma ba su san yadda za a girmama shi ba in babu wanda ya rage. Ya ce Cindo ya ajiye sanda. Cindo ya ajiye ta da sauri kamar ta ƙona shi.

Mai-Ƙasa ya ja jikinsa ya fito daga kwata, ya zauna, ya ce kowa ya tashi. Jikokina, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Gadon bayan mutum dubu na miƙewa lokaci guda, kamar wuta ta kama karan dawa. Suka tsaya a kansa, shi yana zaune a ƙasa, laka har gira. Abin da ya gudu ya shige ɗaki dominsa, ga shi ya same shi a tsakiyar kasuwa. Ya ɗaga kai ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Ashe haka kuke. Shekara da shekaru ƙeyarku kawai na sani.” Ya nuna wani mahauci. “Kai ne mai sanƙon nan kamar bayan ƙoƙo? Ashe har wushirya gare ka.”

Mahaucin ya washe ta duka. Sai masu rigimar akuya suka kutso, suka tsuguna gabansa, kowa na ja. Nan bakin kwata ya saurare su ya raba gardama, su na jinsa shi na jinsu. Ni kuwa ina gefe ina goge alli da yawu.

Na zauna har kaka, na ci tuwon dawar da aka so a sare mu tare. Mai-Ƙasa ya sa an yi masa 'yar amalanke da jaki ke ja, babu kasuwar da ba ya zuwa, in ya isa ya sauka da katakonsa ya shiga rumfa rumfa. Ƙafafun ba su tashi ba har na baro, shi ma ya daina jiransu. Cindo aka mayar da shi awon hatsi, kuma an ce ba a taɓa samun mai gaskiyar mudu kamarsa ba. Ranar da zan taho Mai-Ƙasa ya ce in zaɓi abin da nake so a fada. Na ce sandar nan.

A hanyar dawowa na tarar kifayen ba su gama lissafin 'ya'ya ba, na wuce ba sallama.

Da na iso gida na hango ƙofar ɗakina ta sauya. Anaruwa ya hau turminsa ya fasa saman ƙofar, ya ɗaga ta har kusa da rufi, yaɓen duk a karkace don hannunsa bai kai ba. Ya fito ya dube ni tun daga ƙafa har inda wuyansa ya iya, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce tun da na tafi yake addu'a kada in samu maganin. Na ce ai na kusa samu. Na zo shiga, na sunkuya don sabo. Ya ce, “Miƙe, Yalwa, aikin wata guda na yi.” Na miƙe na shiga.

Sandar kuwa kun san ta. Ita ce muciyar da nake tuƙa muku tuwo, ita ce kuma nake bin ku da ita in kun taɓa min ƙuli-ƙuli. Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo ya duba gindinta, sawun wuƙar da Cindo ya riƙa rage ta da ita na nan. Allah Ya jiƙan Anaruwa, Ya raya ku, dogayenku da gajerunku.